Tsohuwar Garke: Yadda Giwaye Mata Ke Raino da Tsaron 'Ya'yansu

 

Giwa aka ce in yi magana a kanta, kuma na san abin da ke fara zuwa zuciyar Bahaushe in an ambace ta, wato girma da ƙarfi. Da toron giwa muke yi wa manya kirari, mu ne kuma masu cewa sawun giwa ya take na raƙumi. To amma garken nan da ake gani a daji, manya a gefe ƙanana a tsakiya, babu babban toro a cikinsa. Mata ne zalla da 'ya'yansu: uwa, da 'ya'yanta mata da suka girma, da 'yan'uwanta, da jikoki. Namiji yakan bar garken uwarsa tun yana tsakanin shekara 10 zuwa 15, ya shiga yawo shi kaɗai ko cikin wasu maza. Ba ya raino, ba ya tsaro, sau da yawa ma bai san wane ne ɗansa ba. Mace kuwa inda aka haife ta nan za ta tsufa. Wadda ke jan ragamar garken, galibi wadda ta fi kowa shekaru, ita za mu kira uwar garke, kuma kusan duk maganata ta yau a kanta za ta tattara. Abin da nake son nuna muku shi ne, ran ɗan giwa ya rataya ne a kan abin da wannan tsohuwa ta sani, fiye da yadda ya rataya a kan ƙarfin mahaifiyarsa.

Mu faro daga haihuwa. Giwa takan yi wata 22 da ciki, babu wata dabba mai shayarwa da ta kai ta daɗewa. Ɗa ɗaya take haifa, tagwaye sai jefi-jefi, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa shekara huɗu ne ko biyar. Jaririn yakan faɗo da nauyin kilo 100 ko abin da ya ɗara haka kaɗan, kafin awa ɗaya ko biyu ya miƙe, uwar na tallafarsa da hanci da ƙafar gaba. Miƙewar nan dole ce, domin nonon giwa a ƙirji yake, tsakanin ƙafafun gaba, kuma da baki ake kama shi. Sai ɗan ya ɗaga kai ya lanƙwasa hancinsa baya a kan goshi sannan ya sha. Sauran matan sukan kewaye mai jego suna rugugi, suna kaɗa kunnuwa, wani ruwa na tsiyaya daga gefen fuskarsu tsakanin ido da kunne, wanda alama ce ta cewa ran giwa ya motsa. Kowacce sai ta kai hanci ta sansana baƙon.

Shi hancin ma koyonsa ake yi. Abin da babbar giwa ke tumɓuke bishiya da shi, ta kuma ɗauki ƙwayar gyaɗa guda da shi, a wurin jariri kaya ne da bai san yadda zai yi da su ba. Yakan yi ta lilo da shi, ya taka shi da ƙafa ya ƙwala ƙara, wani lokaci ya cusa shi a baki yana tsotsa. In an je shan ruwa sai ya durƙusa ya kafa baki, don sai ya yi watanni kafin ya iya zuƙar ruwa da hanci ya juye a baki bai zubar ba. Abinci kuwa, za ku ga yana sa hanci cikin bakin uwarsa yana ciro abin da take taunawa. Ta haka yake sanin ganyen da ake ci da wanda ake bari. Har kashin manya yakan ci, kada wannan ya ba ku ƙyama, domin daga nan cikinsa ke samun ƙananan halittun da ke narkar da ciyawa. In rana ta take, inuwarsa cikin uwarsa ne: ɗan da bai cika shekara ba yana iya wucewa ta ƙarƙashinta a tsaye, masu aikin daji ma da wannan suke ƙiyasta shekarunsa tun daga nesa. Fatarsa ba ta jure ƙunar rana, saboda haka uwar takan watsa masa ƙura, ta kai shi taɓo ya yi birgima. In taɓon ya riƙe shi, ko gaɓar rafi ta yi masa tsawo, sai ta naɗa hanci ta jawo, wata ta sa haure ta tura daga baya.

Ɗan giwa da bai kai shekara biyu ba, in uwarsa ta mutu, kusan ba shi da rabon rayuwa a daji, ko da garken na sonsa, saboda nono. Wadda ta fi kowa shan wahalar wannan a cikin 'yan Adam ita ce Daphne Sheldrick ta ƙasar Kenya, matar tsohon shugaban gandun dajin Tsavo ta Gabas. Shekaru ta kwashe tana ƙoƙarin raya marayun giwaye suna mutuwa a hannunta, domin cikinsu ba ya karɓar maiƙon nonon saniya, har ta gano haɗin madara mai man kwakwa. Duk da haka madara ba ta wadatar ba. Wata 'yar giwa da ta sa wa suna Aisha ta shaƙu da ita ƙwarai, da ta yi tafiyar 'yan kwanaki don hidimar bikin 'yarta, sai Aisha ta ƙi ci, ta lalace, ta mutu. Tun daga nan, a gidan rainon da ke Nairobi, masu kula da marayu suna kwana a ɗaki ɗaya da su, suna ba su madara bayan kowane awa uku dare da rana, suna kuma yin karɓa-karɓa don kada maraya ya ɗora ransa a kan mutum guda. Ku lura da abin da aka yi a nan: mutane da yawa aka tara don su cike gurbin garke, domin a daji ma uwa ɗaya ba ta raino ita kaɗai.

A kowane garke akwai 'yanmatan giwaye da ba su kai haihuwa ba, masu shekara biyar zuwa goma sha wani abu, waɗanda ba su da aiki sai bin jarirai. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san 'yar raino, yarinyar da ke goye da ƙanenta ƙafafunsa na kusan taɓa ƙasa. To, ita ce wannan. In jariri ya kwanta barci, ita ke tsayawa a kansa. In garke ya tashi, ita ke tayar da shi. In ya yi kuka, kafin uwar ta juyo ta riga ta isa. Wata ma har takan bar shi ya kama nononta da babu komai a ciki don ya yi shiru. Phyllis Lee, wadda ta yi nazarin wannan a Amboseli ta kuma wallafa a 1987, ta nuna cewa garken da ke da irin waɗannan 'yanmata 'ya'yansa sun fi rayuwa. Riba biyu ce: uwa ta sami sararin kiwo, mai shayarwa kuwa na bukatar ci sosai, tunda babbar giwa na iya cin kilo 150 na ganye da ciyawa a yini, ita kuma yarinyar ta koyi aikin tun kafin nata ya zo.

Na ambaci Amboseli, bari in tsaya a kansa, don yawancin abin da duniya ta sani game da iyalin giwa daga can ya fito. Gandun daji ne a kudancin Kenya, a gindin dutsen Kilimanjaro. A 1972 wata Ba'amurkiya mai suna Cynthia Moss, tare da Harvey Croze, ta fara bin giwayen wurin ɗaya bayan ɗaya, tana gane kowacce da yagewar kunne da siffar haure, tana rubuta ranar haihuwa da ranar mutuwa. Har yau aikin na tafiya. Saboda haka in mai bincike a Amboseli ya ce wance shekararta 40 kuma jikar wance ce, daga littafi ya karanto.

Cikin waɗanda suka bi har ƙarshen rayuwarsu akwai wata uwar garke da suka kira Echo. A 1990 ta haifi ɗa namiji, aka sa masa Ely. Ya fito da ƙafafun gaba a tanƙware, sun ƙi miƙewa, sai jan gwiwa yake yi. Wannan a daji kusan hukuncin kisa ne: bai kai ga nono sosai ba, gwiwoyin za su goge su yi gyambo, ga rana, ga kura. Sauran garken suka nufi ruwa. Echo ta tsaya, ta yi ta sa hanci da ƙafa tana ɗaga shi yana zubewa. 'Yarta Enid, mai kimanin shekara takwas, ita ma ta tsaya. Ƙishi ya dame ta, takan yi 'yan taku ta bi sahun waɗanda suka tafi, da Ely ya yi ƙara sai ta juyo a guje. Da suka tashi tafiya, sai su yi taku kaɗan su tsaya su waiwaya, yana biye da su a kan gwiwa, har suka kai inda za su jiƙa jiki. A rana ta uku, yana ta jingina yana miƙa wuya zuwa nono, ƙafafun suka buɗe, ya tsaya. Mai ɗaukar hoto Martyn Colbeck yana wurin, kuma BBC ta nuna abin a fim. Ely ya girma ya zama cikakken toro.

Akwai kuma wani labarin na Echo da ya fi wannan ɗaukar hankalina. Bayan wasu shekaru wani garke ya ƙwace mata jaririya mai suna Ebony, suka sa ta a tsakiyarsu, da Echo ta matso suka kore ta. Ba ta tsaya kokawa ita kaɗai ba. Ta koma ta tattaro manyan matan gidanta, suka jeru kafaɗa da kafaɗa, suka kutsa cikin wancan garken, suka fito da 'yar a ƙarƙashin cikinsu. Ta auna ƙarfinta ta ga bai isa ba, ta san su wa za ta kira, su kuma suka amsa. Echo ta mutu a watan Mayun 2009, tana da kimanin shekara 65, a farkon wani mummunan fari da ya kashe giwaye ɗaruruwa a Amboseli, ciki har da yawancin tsofaffin matan wurin. Gidan da aka fara saninsa da giwaye bakwai, ta bar shi da kusan arba'in.

Yanzu ga tsaro. Babbar giwa ba ta da abin tsoro a daji sai mutum, amma ɗanta nama ne ga zaki, da kura, da kada a bakin ruwa. In garke ya ji haɗari, dunƙulewa yake yi: ƙanana a tsakiya, manya sun juya musu baya suna fuskantar waje, kawuna a sama, kunnuwa a buɗe. Sai uwar garke ta yanke shawara, a tsaya, a ja da baya, ko a far wa abin. Tambayar ita ce, duk uwar garke ce ta iya wannan shawara? Karen McComb ta Jami'ar Sussex a Ingila ta gwada, kuma dabararta mai sauƙi ce. Ta ɗauki muryoyi a na'ura, ta sa lasifika a mota, ta kunna wa garke daga nesa, ta zauna tana kallo. Da farko kiran wasu giwaye ta kunna. Giwa mace na iya gane muryar wasu kusan ɗari, kuma ba kowane garke ne aboki ba, baƙi sukan cutar da ƙanana. Sakamakon da aka buga a mujallar Science a 2001 ya nuna cewa garken da tsohuwa ke ja yana bambancewa: in muryar sananniya ce ya ci gaba da kiwo, in ta baƙuwa ce ya dunƙule. Garken da ƙaramar uwa ke ja kuwa, kusan kowace murya sai ya firgita. Firgita a banza asara ce, don lokacin ci ne ke tafiya, kuma an ga garken tsofaffi sun fi yawan haihuwa.

Bayan shekara goma McComb ta koma da rurin zaki. Namijin zaki ya fi zakanya haɗari ga ɗan giwa nesa ba kusa ba, guda ɗaya ma na iya kayar da shi, amma ba kasafai yake farauta a gaban garke ba, don haka giwa na iya yin shekaru ba ta ga aikinsa ba. Da aka kunna rurin zakuna uku maimakon ɗaya, kowane garke ya san abin ya fi tsanani. Wannan lissafi ne, yaro ma ya iya. Amma rarrabe rurin namiji da na mace, a ɗauki na namijin da muhimmancin da ya kamata, sai uwayen garken da suka haura shekara 60 ne suka fi yin sa. Ƙananan uwaye sukan yi sakaci da shi. Wannan ba abin da ake haihuwar giwa da shi ba ne, gani ne da jimawa.

Haka suke yi wa mutane. A kewayen Amboseli akwai Masai, makiyaya, waɗanda samarinsu kan soki giwa da mashi in an yi rikici a kan ruwa ko kiwo, akwai kuma Kamba, manoma, waɗanda ba kasafai suke taɓa ta ba. Lucy Bates da abokan aikinta sun ajiye tufafin da namijin Masai ya sa da wanda namijin Kamba ya sa. Da giwayen suka sansano na Masai sai suka ruga, suka yi nisa, suka nemi doguwar ciyawa. A 2014 kuma aka kunna musu magana iri ɗaya a harsunan biyu. Muryar namijin Masai ta sa suka dunƙule, ta Kamba ba ta dame su sosai ba, haka ma muryar mace ko ta yaro daga Masai ɗin, tunda waɗannan ba sa ɗaukar mashi. Jaririn da ke tsakiyar wannan dunƙule yana jin muryar, yana jin warin, yana jin jikin uwarsa ya sandare. Darasin ya shiga ke nan.

Ja-gorar tafiya ma da murya ake yin ta, sai dai yawancinta kunnenmu ba ya ji. A 1984 Katy Payne, wadda ta saba da nazarin sautin manyan dabbobin teku, tana tsaye kusa da giwaye a gidan zoo na birnin Portland a Amurka, ta ji iska na girgiza alhali ba ta jin ƙara. Da aka auna sai aka tarar giwaye na yin rugugi mai zurfin da ya sauka ƙasa da abin da ɗan Adam ke ji, kuma yana tafiyar kilomitoci. Joyce Poole ta bayyana wani irinsa da mace ke yi in tana son a tashi: takan koma gefen garke, ta fuskanci inda take nufi, ta ɗan ɗaga ƙafa ɗaya, ta yi rugugin, ta jira, ta sake, har sai an biyo ta. Wani lokaci wata ta ƙi, a yi ta ja-in-ja. Ba sarauta ba ce ta umarni, amma mafi yawan lokaci maganar tsohuwa ake bi. A 2024 ma, Michael Pardo da abokansa suka kawo hujjar cewa giwayen Kenya na da kiran da ke nufin wata giwa takamaimai, in an kunna mata shi ta fi saurin amsawa a kan kiran da aka yi wa wata, kuma an fi samun irin wannan in ana kira daga nesa ko babba na yi wa ƙarami magana.

Inda sanin tsohuwa ke zama batun rai da mutuwa shi ne fari. Giwa na shan fiye da lita 100 a yini, mai shayarwa in ta rasa ruwa da ɗanyen ganye nononta ya ƙafe, ɗan ne ke fara faɗuwa. A 1993 an yi mummunan fari a gandun dajin Tarangire na Tanzaniya. Charles Foley yana bin giwayen wurin, ya ƙirga 'ya'ya 81, cikin wata tara 16 suka mutu, wato ɗaya cikin biyar, alhali a shekarar lafiya biyu ne cikin ɗari. Amma mutuwar ba ta rabu daidai ba. Manyan rukunoni uku ne. Biyu sun fice daga gandun sun tafi wani wuri, ɗaya ya zauna, kuma a cikin wanda ya zauna aka yi mafi yawan asarar. Da aka duba shekarun shugabanninsu, na waɗanda suka fita 45 ne da 38, ta waɗanda suka zauna 33. Ku yi lissafi tare da ni. Babban farin da ya gabaci wannan an yi shi daga 1958 zuwa 1961. Mai 45 a lokacin budurwa ce, mai 38 yarinya ce da ke bin ƙafar uwarta, mai 33 kuwa a tsakiyar farin aka haife ta. Fassarar masu binciken ita ce, biyun farko sun taɓa yin wannan tafiya, suka tuna hanya bayan shekara talatin da ɗoriya. Ni wannan fassara ta gamsar da ni. Dalilin da ya sa rukuni na uku ba shi da babbar tsohuwa kuwa, masu neman haure ne suka harbe manyansa a shekarun 1970 da 1980.

Kusa da mu, a yankin Gurma na ƙasar Mali, kudu da Tambutu, akwai giwayen da ke zagaye a fili mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 30,000 kowace shekara, daga tafki zuwa tafki, su ƙare rani a tafkin Banzena, da damina su gangara kudu wajen iyakar Burkina Faso. A irin wannan ƙasa, a isa tafki a tarar ya ƙafe yana nufin a rasa ƙananan garke. A dutsen Elgon kuma, kan iyakar Kenya da Uganda, uwaye na shiga kogon Kitum da dare, cikin baƙin duhu, suna kankarar gishiri daga bango da haure, 'ya'ya na manne da su suna laluben hanya da hanci. Akwai rami a cikin kogon, an ga gawarwakin ƙananan da suka kauce.

Kaka ma tana da nata rabon. A Myanmar, inda giwayen Asiya ke aikin jan katako kuma gwamnati na da rajistarsu tun zamanin Turawa, Mirkka Lahdenperä ta duba bayanan ta wallafa a 2016 cewa ɗan da ƙaramar uwa ta haifa, in kakarsa na wuri ɗaya da shi, haɗarin mutuwarsa ya ragu ninki takwas. Ita tsohuwar kuwa haƙori ne ke yanke mata wa'adi. Sahu shida na turamen haƙori giwa ke yi a rayuwa, in na ƙarshe ya cinye, wajen shekara 60 zuwa 70, tauna ta gagara.

To me ke faruwa in aka cire manya? An yi wannan gwaji ba da niyya ba a Afirka ta Kudu. Daga 1967 zuwa 1994 hukumar gandun dajin Kruger tana rage yawan giwaye da bindiga, aka kashe fiye da 14,000. Sukan harbe manyan garke su bar ƙanana, a kwashe su a kai wasu wurare. Wasu aka kai su gandun dajin Pilanesberg, suka tashi babu babba. Samarin cikinsu suka shiga zafin barbara tun shekarunsu ba su kai ba, suka koma kan karkanda. Tsakanin 1992 da 1997 sun kashe fiye da 40. A 1998 aka kawo manyan maza shida daga Kruger, samarin suka lafa, kisan ya tsaya. Wannan ɓangaren shi ya yi suna. Wanda ya fi damuna shi ne na matan. Graeme Shannon da McComb sun je Pilanesberg da lasifikarsu, suka wallafa a 2013 cewa waɗannan marayu, da yanzu su ne uwayen garke, ba sa rarrabe muryar sananniya da ta baƙuwa, ba sa kuma gane cewa muryar babbar giwa ta fi ta ƙarama abin shakka, kamar yadda na Amboseli ke yi. Shekaru ashirin zuwa talatin sun wuce, jiki ya cika, ga 'ya'ya sun haifa, amma abin da za su koya musu ya yi ƙaranci.

A nan ne cinikin haure ya fi yin ɓarna. Haure ba ya daina girma har giwa ta mutu, don haka in maharbi ya gama da manyan maza, tsohuwar garke ce ta gaba. Sannan dabarar nan ta dunƙulewa, wadda ta yi maganin zaki tun fil'azal, a gaban bindiga mai sarrafa kanta tarko ce: sun taru wuri guda, babbar ta fito gaba. In ta faɗi, sauran sukan rikice su tsaya a kanta, a bi su ɗaya bayan ɗaya. An hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, amma babbar ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a ƙasashe 18 ta nuna giwayen fili sun ragu da kashi 30 cikin ɗari tsakanin 2007 da 2014, saura kimanin 352,000.

Maƙwabtanmu na Chadi sun ga ƙarshen abin da idonsu. Gandun dajin Zakuma yana da giwaye fiye da 4,000 a 2002, mahaya dawakai masu bindiga suka yi ta shigowa daga wajen Sudan, kafin 2010 saura kimanin 450. Waɗanda suka tsira suka haɗe suka zama garke guda, kullum cikin gudu, haihuwa ta kusan tsayawa cak. A 2010 ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da wurin tare da gwamnati, ba kuma a banza aka sami zaman lafiya ba, domin a 2012 an bindige masu gadi shida suna sallar asuba. Bayan 'yan shekaru da harbi ya lafa, matan suka koma haihuwa. Kafin 2018 ana ƙirga ƙanana fiye da ɗari.

Namu na gida ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a duk Nijeriya, kuma garken Yankari a Jihar Bauchi, wanda ke sauka kogin Gaji da rani, yana cikin mafi girman da suka rage. In ana ba mu rahotonsu, jimilla ake faɗa. Ina roƙon ɗalibanmu masu nazarin dabbobin daji su riƙa tambayar abin da ke bayan jimillar: tsofaffin mata nawa ne, ƙanana 'yan ƙasa da shekara biyar nawa ne, 'yanmatan raino nawa ne. Garken da duk cikinsa babu mai shekara 40 yana cikin haɗari ko da adadinsa bai ragu ba.

Ban manta da manomi ba, wanda giwaye kan shiga gonarsa a dare ɗaya su cinye wahalar shekara. Wanda bai taɓa noma a bakin daji ba kada ya yi saurin ganin laifinsa in ya fusata. Sai dai a sani, maza ne suka fi kasadar shiga gona, mai ɗa ta fi taka-tsantsan, kuma ita ce mafi haɗari in aka tsorata ta ko aka shiga tsakaninta da ɗanta. Tsoron da take yi wa ɗan nan ana iya amfani da shi. Lucy King ta kunna wa giwaye ƙugin ƙudan zuma a Kenya a 2007, kusan duk garken da aka gwada suka bar wurin nan take, suna girgiza kai suna watsa ƙura, daga baya ma aka gano suna da rugugin gargaɗi na musamman don zuma. Zuma na harbin giwa a ido da cikin hanci, fatar ƙanana kuma ba ta yi kauri ba. Daga nan aka ƙirƙiro shingen amya: a rataya amya a kan sanduna kewaye da gona, tazarar mita goma-goma, a haɗa su da waya, giwa na taɓa wayar amya ta girgiza zuma ta tashi. A gonakin da aka gwada a Kenya ya mayar da mafi yawan giwayen da suka zo, manomi kuma ya sami zumar sayarwa. Amya dai ba baƙuwa ba ce a ƙauyukanmu, abin da zai ci kuɗi shi ne waya da sanduna da wanda zai riƙa duba su da rani, lokacin da zuma kan gudu in babu ruwa kusa.

A nan zan dakata, sauran lokacin na masu tambaya ne.